Ɓarawon Wuta a Lamba Shida

Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, har matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Kowa Minti-Biyar yake ce masa, domin duk abin da ka kai shagonsa na gyaran rediyo da talabijin, kafin ka rufe baki zai ce, "Minti biyar, zauna." Akwai mutumin da ya kai masa fanka yana saurayi, ya karɓo ta yana da 'ya'ya biyu, kuma har yau sai an tura ta da yatsa take tashi. Shi dai Minti-Biyar bai taɓa ɗaukar sunan a matsayin zolaya ba. A ganinsa shaida ce.

Benen da yake zaune sassa takwas ne. Kowane sashe da nasa faifan sola a kan rufi, amma batir ɗaya ne ga kowa, jerin baƙaƙen akwatuna a ƙarƙashin matakala. Da rana kowa na zubawa, da yamma kowa na ɗiba, randa ɗaya mai moɗa takwas. Shekara biyu ana zaman lafiya. Sai ga shi wata uku ke nan batirin yana mutuwa tun rana ba ta gama faɗuwa ba.

Wata ukun nan kuma ya yi daidai da ranar da ƙarti huɗu suka hau da wata tsohuwar firiza sashe na biyar, inda Minti-Biyar yake da iyalinsa. Ya kawo ta ne don ya gyara a minti biyar. Murfinta ba ya rufuwa sai an ɗaure da igiyar roba, injinta ba ya hutawa, kuma gorar ruwa ɗaya ce tal a cikinta, ruwan ma ɗumi. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta yi masa maganarta sau ɗaya.

"Wannan?" in ji shi. "Wannan ai ba ta shan wuta, shaƙa take yi. Ke dai ki tsaya a abin da kika sani."

Ta tsaya.

Shi ya riga ya san ɓarawon. Telan sashe na ɗaya ne, mai dutsen guga da keken ɗinki na lantarki, wanda kuma ya taɓa ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya ce laifin ƙafar ne. Abin da ya rage kawai hujja.

Da mazauna benen suka taru a tsakar gida ranar hutu, Hedimasta ne ya jagoranci zaman, tsohon shugaban makaranta da ke sashe na biyu, wanda ya yi ritaya daga aiki amma bai yi ritaya daga rajista ba. An yi awa guda kowa na rantsuwa cewa shi ko wayarsa a wurin aiki yake caji. Sai Minti-Biyar ya miƙe, ya gyara biron da ke aljihunsa.

"Jama'a, wannan duk zancen baki ne. Kamfanin da ya sa mana sola ya bar ma'auni a kan layin kowane sashe, allon karantawa ne kawai ba mu da shi. Zan haɗa na'ura. Makunni ɗaya mai baki takwas, maltifileksa ake ce masa, yana zagaya ƙofa-ƙofa, ya ɗauko labarin kowa ya miƙa wa ayisi guda, 'yar ƙwayar lantarki da ke mayar da wuta lamba. Kuma ba irin na kasuwar bayan gari ba. Bit ashirin da huɗu."

"Mene ne bit?" in ji Tela.

"Abin da ba a aunawa da tef. Matakai miliyan goma sha shida, malam. Ko sauro ya sauka a kan wayarka sai ta faɗi nauyinsa."

"To ta faɗi ranar da zan karɓi rediyona."

Aka yi dariya. Minti-Biyar ya bari ta lafa, sannan ya sako abin da ya kwana uku yana shiryawa. Duk wanda na'ura ta nuna shi ne ke shanye batir, a cire layinsa wata guda cur. Ba roƙo, ba ban haƙuri, ba sani ba sabo. Yana faɗa yana kallon Tela.

Surukarsa, uwar matarsa, wadda duk benen ke kira Inna, ita ce a sashe na shida, ƙofa da ƙofa da su. Tana zaune a kan kujerarta ta roba, ta ce, "Wata guda bai yi yawa ba, ɗan nan? Ni kam ɗan firjina da nake ajiye allurar ciwon suga, ko yini ɗaya ba ya jure rashin wuta."

"Inna, ai ku ba ku cikin wannan magana. Mai gaskiya ba ya tsoron ma'auni. Na so ma a ce wata biyu."

Hedimasta ya rubuta wata ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, kowa ya sa hannu. Minti-Biyar ne ya fara, kuma sa hannunsa ya cinye wurin mutum uku.

A sashe na huɗu akwai wata mata da ake kira Ta Asibiti, domin aikinta gyaran na'urorin asibiti ne, irin waɗanda in sun yi ƙarya ake kuka. Tana fita da sassafe, tana dawowa a gajiye, kwan fitila ɗaya take kunnawa. Washegari ta sami Minti-Biyar a tsugune ƙarƙashin matakala, da ƙarfen dalma a hannu da wayoyi takwas a baki.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ka duba takardar ayisin nan kuwa?"

Ya tofar da wayoyin. "Takarda ta masu koyo ce."

"Haka ne. Sai dai ma'aunan nan fuska biyu gare su. In sashe yana zuba wa batir, sigina ta hau sama har bolt goma. In yana ɗiba, ta gangara ƙasa da sifili har bolt goma. Shi kuwa ayisinka daga sifili zuwa biyar ya sani, ba ya jin yaren ƙasa. Sai ka rage siginar kashi huɗu, ka ɗaga ta ta zauna a tsakiya, biyu da rabi ta zama sabon sifili. Sannan in makunni ya koma sabuwar ƙofa, ka bar shi ya ɗan jira kafin ya karanta."

"Jira? Hajiya, wannan abu yana karatu sau dubu a daƙiƙa. Ba layin ganin likita ba ne."

Ta zana masa hoton a bayan wata takardar magani, ta ajiye a kan batir, ta wuce. Ya ɗauka ya goge bakin ƙarfen dalma da gefenta.

Minti biyar ɗin farko ya ɗauki kwana tara. Ranar gwaji ya tara mutanen bene, ya sa Maman 'Yan Biyu ta ɗauki hoto da waya don tarihi. Ya haɗa wayoyi takwas kai tsaye, ya danna makunni. Allon ya yi haske, ya nuna lambobi masu kyau ƙwarai na tsawon numfashi ɗaya. Sai aka ji tas, wani siririn hayaƙi ya miƙe daga tsakiyar ayisin, da ƙauri irin na roba.

"Miliyan goma sha shidan ne suka fita?" in ji Tela. "Ai ban ƙirga ba, da sauri suka wuce."

"Wannan gwajin ƙarfi ne," in ji Minti-Biyar yana fifita hayaƙin da hula. "Duk injiniyan ƙwarai sai ya san iyakar kayansa. Yanzu na sani."

"Allah ya ƙara sani," in ji Inna.

Ya yi sa'a, ayisi biyu ya saya. A karo na biyu ya sa resistoci suka rage siginar, sannan ya dasa dayod a bakin ayisin ya zama maigadi, duk abin da ya zo daga ƙasa da sifili a tare shi a ƙofa. Ya yi wa kansa murmushi. Abin da Ta Asibiti take so a yi da ayisi na biyu da lissafi, shi ya gama shi da ƙwaya ɗaya mai girman shinkafa.

Wannan karon ba hayaƙi. Da tsakar rana allon ya nuna sassa suna zuba wa batir wuta, ban da na biyar da ya nuna sifili, abin da Minti-Biyar ya fassara da cewa gidansa ya daidaita, ba ya cuta ba a cutarsa. Da yamma aka sake taruwa don a ga masu ɗiba. Sashe na ɗaya, sifili. Na biyu, sifili. Har zuwa na takwas, sifili, da wasu sifilai shida a bayan ɗigo don ƙarin tabbaci.

Hedimasta ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge, ya mayar. "Injiniya, bisa ga wannan allo, babu mai shan wuta a benen nan."

"Na'ura ba ta ƙarya."

Tela ya haura da gudu, ya kunna dutsen guga da keke da fanka, ya leƙo ta taga. "Yanzu fa?"

"Sifili," in ji Hedimasta.

"Alhamdu lillahi! Shekara ashirin ina neman wanda zai shaide ni, ashe inji ne zai yi."

Suna cikin haka batirin ya yi ƙara sau uku ya mutu, allon ya mutu tare da shi, yana kan bakansa cewa babu wanda ya taɓa komai.

"To," in ji Inna tana tattara kujerarta, "tun da duk waliyyai ne a gidan, sai a binciki batirin, ko shi ke shan kansa."

Kwana biyu Minti-Biyar bai bi ta gaban ƙofar Tela ba. A rana ta uku ya tono takardar maganin nan daga kwandon shara, ya miƙar da ita a kan gwiwa. Rabin zanen ya ƙone, amma rabin da ya rage ya isa. Ya cire maigadinsa, ya sa ɗan ayisin ƙara ƙarfi da resistoci huɗu, sigina ta ragu ta hau ta zauna a kan biyu da rabi. Da Ta Asibiti ta wuce da yamma, ya kira ta.

"Hajiya, zo ki ga wata dabara da ta faɗo mini. Na ɗaga sifilin zuwa tsakiya."

Ta dubi allon, ta dubi takardar maganin da ke leƙowa daga aljihunsa. "Kai, wannan tunani ya yi. Daga ina yake zuwar maka?"

"Baiwa ce."

Yanzu na'ura ta san sama ta san ƙasa. Sai dai lambobin sun ƙi tsayawa. Wayoyin takwas sun bi ta jikin inbata, injin da ke juya wutar batir, sun kwaso duk wata hayaniyarta, ayisi mai matakai miliyan goma sha shida kuwa ba ya raina komai, duk abin da ya ji sai ya faɗa. Lambobin ƙarshe guda biyar suna ta tsalle kamar an watsa wa kaji tsaba. Hedimasta ya zo da rajistarsa zai kwafa, ya rubuta ya soke, ya rubuta ya soke, har ya ce shi a aikinsa ɗalibin da ya ba da amsa biyar ga tambaya ɗaya sifili yake samu.

"Sa ƙaramar matata mai tace hayaniya a kan kowace waya, kafin makunnin," in ji Ta Asibiti. "Resista da ɗan kafasita. Takwas za ka yi. Kuma ka raba wayoyin da inbata."

"Takwas?" Ya yi dariyar tausayi. "Ku ma'aikatan asibiti ba ku san tattali ba. Ai duk ta ƙofa ɗaya suke wucewa. Ɗaya zan sa a bayan makunnin, babba, ya yi wa kowa."

"In ka sa shi a can, sai ya riƙa..."

"Hajiya, kin makara wurin aiki."

Ya je shago ya ciro kafasita daga cikin rediyon Tela, wani ƙato mai girman gwangwanin madara, ya dasa shi tsakanin makunni da ayisi. Lambobi suka tsaya cak, kamar an yi musu tsawa. Ya tsaya yana kallonsu, hannu a ƙugu. Bai tsaya karanta abin da suka ce ba, domin ya riga ya sani. Ya rufe allon da tawul, ya aika a gaya wa Hedimasta cewa ranar hutu da hantsi za a yanke hukunci.

Ranar ya sa farar riga. Ya jera kujeru, ya ajiye ta Tela a gaba. Ya kawo filaya ya ɗora a kan batir inda kowa zai gan ta, don cire layin mai laifi. Ya yi jawabi a kan kimiyya, da yadda ba ta da ƙabila ba ta da dangi, ba ta san babba ba balle yaro. Ya roƙi Hedimasta ya sake karanta yarjejeniyar, musamman wurin da aka ja wa layi biyu. Sannan ya yaye tawul.

Hedimasta ya matso da tabarau. "Sashe na ɗaya, yana zubawa."

"Sake dubawa, ranka ya daɗe."

"Yana zubawa. Na biyu, yana zubawa. Na uku haka. Na huɗu haka. Na biyar yana zubawa, kuma ya fi kowa."

Minti-Biyar ya sunkuyar da kai irin na mutumin da ba ya son yabo.

"Na shida." Hedimasta ya ƙara matsawa kusa da allon. Ya cire tabarau ya goge. "Na shida yana ɗiba. Ɗiba kuwa ba kaɗan ba. Abin da sauran suke zubawa, kusan rabinsa can yake tafiya."

Duk aka juya aka dubi Inna. Ita kuma ta dubi surukinta, kallo irin wanda ba a ɗaga murya a cikinsa.

"Ni ce ke nan."

"Inna, wato... ba ku ba ne. Sashenku ne."

"Ni da wa muke ciki?"

Tela ya miƙe ya ɗauki filayar, ya miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi. "Injiniya, ga kayan aiki. Kimiyya ba ta da dangi."

"Baban 'Yan Biyu," in ji matarsa a hankali, "allurarta tana cikin firjin nan."

Nan fa Minti-Biyar ya ga hanya ta rabu biyu, kuma kowace da rami. Ko ya ce na'urarsa ta yi kuskure a gaban Tela, ko ya datse wa uwar matarsa wuta wata guda. Ya auna su a zuciyarsa, da gaske ya auna, sannan ya gyara murya.

"Inna, ku yi haƙuri, amma wani lokaci mutum yana da abin da ke shan wuta bai sani ba. Tsofaffin firji musamman. Za mu iya ajiye allurar a firizarmu."

"Wadda ke dafa ruwa?" in ji Maman 'Yan Biyu.

Inna ta dafa kujerarta. Ta miƙe, ta hau matakala a hankali tana riƙe da ƙarfe, kowa na jin takunta. Aka ji ƙarar babban makunnin sashenta, ƙwas. Ta sauko riƙe da ɗan akwatin allurarta a naɗe cikin tsumma mai sanyi, ta zauna, ta ɗora shi a cinya.

"Na kashe komai, har uban makunnin. Malam, duba mini, na daina satar?"

Hedimasta ya duba. "Kina nan kina yi, Inna. Ko ɗigo bai ragu ba."

"Ikon Allah. Ina zaune a nan ma?"

"Wannan sananne ne a kimiyya," in ji Minti-Biyar da sauri. Gumi ya fara zana taswira a bayan farar rigar. "Waya tana da tuni. In ta saba jan wuta, ko an kashe sai ta ɗan ci gaba, kamar keke a gangara."

"Ashe satar ta bi jikin wayar," in ji Tela. "To a cire wayar ta yi wata guda, a bar Inna."

Hedimasta ya buɗe rajista. Shi bai ga wurin da aka keɓe waya daga mai ita ba. Abin da aka rubuta shi ne wanda na'ura ta nuna, kuma na'ura ta nuna. Ya faɗi haka cikin baƙin ciki na gaske, amma ya faɗa.

Sai Ta Asibiti ta tashi daga bayan taro, inda take tsaye da kofin shayi. "Injiniya, ka ara mini sukundireba. Tambaya ce kawai irin ta masu koyo."

Bai so ba, amma idanu sun yi yawa. Ta tsuguna, ta kwance wayar sashe na biyar, ta musanya ta da ta sashe na ɗaya. "Ban taɓa ta Inna ba, kun gani. Malam, karanta."

Hedimasta ya karanta. Na shida ya koma yana zubawa. Ya gangara ido, ya hau, sai ya tsaya. Muryarsa ta canza. "Na biyu yana ɗiba."

"Na biyu ai kai ne, ranka ya daɗe," in ji Tela.

"Ni rediyo kawai na bari a kunne!"

"Wani lokaci mutum yana da abin da ke shan wuta bai sani ba," in ji Inna.

Ta Asibiti ta sake kwance wayar nan ta biyar, ta kai ta rami na bakwai. Nan take Hedimasta ya shiryu, laifi ya koma sashe na takwas, wanda masu shi suka yi tafiya tun watan jiya suka bar ƙofa da kwaɗo.

"Aljanu," in ji wani daga baya.

"Ba aljanu ba ne," in ji ta. Ta ƙwanƙwasa ƙaton kafasitan da sukundireba. "Wannan ne. Moɗa ce babba. Makunni ya tsaya a ƙofa, ta cika da ruwan gidan. Ya matsa ƙofa ta gaba, kafin ta zubar ta ɗebi sabo, ayisi ya riga ya kurɓa ya rubuta. Kullum ruwan gidan baya yake sha, ya sa sunan gidan gaba. Da an bar shi ya jira, da ya faɗi gaskiya. Injiniya ya fi kowa kyau a allo ne saboda nawa ya karanta, ni da ba na yini a gida. Ita kuwa Inna..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta mayar da kowace waya raminta, laifi ya dawo lamba shida ya zauna. Mutane suka fara ƙirga da yatsu, suna komawa baya da ɗaya. Tela ya riga kowa isa, amma don mugunta ya yi shiru, yana jira.

"Wannan hasashe ne," in ji Minti-Biyar. "Sai an yi bincike mai zurfi. Akwai abin da ake kira..."

Bai lura matarsa ta bar wurin ba. Abin da ya lura da shi shi ne wani gurnani da ya saba ji daga sama, dare da rana wata uku, har kunnensa ya daina jinsa, ya tsaya ɗif. Benen ya yi tsit, har ana jin tsuntsaye.

"Na shida," in ji Hedimasta a hankali, "ya daina ɗiba. Yana zubawa."

Maman 'Yan Biyu ta leƙo daga saman matakala, fulogin firiza na lilo a hannunta. "Abin mamaki. Na zare wannan a ɗakinmu, Inna ta tuba."

Dariyar da aka yi sai da mutanen benen da ke kallonsu suka buɗe tagogi. Tela ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Hedimasta bai yi dariya ba, yana neman shafi.

Minti-Biyar ya jira ta lafa, ya ɗaga yatsa. "Ina so a lura da abu ɗaya. Lambar da na'urata ta bayar daidai ce har gida shida bayan ɗigo. Adireshi ne kawai ya kuskure."

"Haka ɗan aike ya ce da ya kai takardar saki gidan maƙwabta," in ji Tela.

"Kuma tun da yarjejeniya ta ce wanda na'ura ta nuna, ni kuwa ba ta nuna ni ba..."

"Ta nuna," in ji Hedimasta. "Da ɗan jinkiri." Ya juyo da rajistar, ya ɗora yatsa a kan sa hannun nan da ya cinye wurin mutum uku. "Ba roƙo, ba ban haƙuri. Kalmominka ne. Har ka so a ce wata biyu."

Minti-Biyar ya dubi taro yana neman fuska mai taushi. Bai samu ba, sai ya koma ga wadda ya fi tsoro. "Inna, ku sa baki. Akwai yara."

"Akwai," in ji Inna. "Jikokina da uwarsu su dawo wurina, ina da fanka, kuma an shaida ba na sata. Kai kuwa ai mai gaskiya ba ya tsoron ma'auni."

Tela ya sake miƙa masa filayar da hannu biyu. Wannan karon ya karɓa. Ya tsuguna a gaban layin sashe na biyar, ya cire shi da kansa, kuma a faɗi gaskiya aikin ya yi kyau, shi ne abu na farko da aka taɓa gani ya gama cikin minti biyar. Ta Asibiti ta ajiye masa ƙananan kafasitoci takwas a kan batir, da sabuwar takarda mai zane, wannan karon da manyan haruffa.

Ya dube su ta wutsiyar ido, ya kakkaɓe gwiwa. "Dama abin da nake shirin yi ke nan. Jira kawai za a koya mata. Ku ba ni minti biyar."

Inna ta ɗauki kujerarta da akwatin allurarta, ta kama ƙarfen matakala.

"Kada ka yi gaggawa, ɗan nan," in ji ta. "Wata guda gare ka."